Ranar da Na Karya Kunnen Kaset a Kashin Zama

Ƙannena Nana da Hassi, tunda kun ce in kun gama makaranta sana'ata za ku kama, kun kuma ce babu wata wahala a cikinta sai danna jan maɓallin rakoda da baƙi a tare, bari in rubuta muku yadda take. Da baki na so in gaya muku, to amma kun ji yadda muryata take yi tun da na dawo daga ƙauyen Kashin Zama.

Kun san mazan yankinmu albasa ce ke kai su Kurmi. Mutum zai bi mota zuwa Badun ko Ikko, ya yi wata da watanni, iyalinsa na nan. Mace ba za ta je bakin tasha ta zauna gaban mai rubuta wasiƙa tana gaya masa abin da ke tsakaninta da mijinta ba. Shi ya sa kaset ya samu shiga. Miji ya yi maganarsa a can, ya ba direban motar albasa, direba ya sauke a shagon Kawu Sahabi mai gyaran rediyo a Jega. Daga nan sai a nemi wanda zai shiga da rakoda har cikin ɗaki, a kunna, a ji, a mayar da amsa. Namiji ba ya shiga. A shekarar da aka ba mu jiha na gama sakandare, ina zaune ba aikin fari ba na baƙi, Kawu ya zo ya roƙi Baba ya ba shi ni.

Na ɗauka ranar farko zai miƙa mini rakoda in fita. Ina! Tsumma da auduga ya ba ni. Na daɗe ba abin da nake yi sai goge kan rakoda, wato ɗan ƙarfen nan mai sheƙi da zaren kaset ke gogawa, da naɗe zare da biro don kada a ɓata batir wajen mayarwa baya. Ya koya mini yadda ake zaro zare in rakoda ta tauna shi, a hankali kamar ana cire ƙaya a ƙafar jariri. In ya tsinke, a datse bakin da reza, a ɗiga jan farce, a haɗa, a hura. Duk inda aka haɗa, kalma ɗaya ko biyu sun tafi ke nan har abada. Kawu yakan ce, "Ki dubi wanga zaren da kyau, Rabi. Ba ya kai faɗin ganyen albasa ba, amma mutum guda na kwance cikinai." Har yau in na ɗaga zaren kaset a rana ina dubawa, ban ga inda muryar take maƙalewa ba. A makaranta an yi mana bayanin maganaɗisu, na kuma ci jarrabawar, amma ban daina mamaki ba.

Aikina na farko a Dangamaji ne, gidan wata matar aure da mijinta ya yi nisa. Na shimfiɗa rakoda a tabarma, na danna, na ce bismillah. Baiwar Allah ta dubi abin, ta gyara lulluɓi, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, sannan dariya ta kama ta. Ta yi shiru, ta buɗe baki, dariya ta sake ƙwacewa. Ƙawayenta na leƙe ta labule suna zuga ta. Haka muka cinye rabin kaset, ba abin da mijin zai ji sai ƙyalƙyala da kukan zakara. Da na koma Kawu bai yi faɗa ba. Ya ce daga yau in bar mutum ya fara zuba zancensa ni da shi, sai ya manta da abin da ke tabarma, sannan in miƙa yatsa. Ashe mijin da ya ji kaset ɗin dariyar, cewa ya yi bai taɓa samun saƙon da ya kai shi daɗi ba, ya hana a ɗauki wani abu a kansa.

Batir shi ne uban tafiyar, kuma shi ne maƙiyi. In ya fara sanyi, murya sai ta yi nauyi tana jan ƙafa. Akwai ranar da a Katanga na kunna wa wata tsohuwa saƙon ɗanta, muryar ta riƙa sauka kamar ta bijimin sa, sai tsohuwa ta ɗora hannu a ka tana salati, wai an yi wa yaronta sammu a ƙasar Yarbawa. Sai da na ciro baturan, na shanya su a kan murfin tukunya a rana, na ɗan bubbuga su, na mayar, muryar ta miƙe. Tsohuwa ta ce, "To shi ma yaron a riƙa shanya shi mana." Tun daga nan ba na fita sai da sabbin batura a jaka, da kaset guda sabo wanda ba a taɓa ba, saboda tsautsayi.

Tunda ba kowa ke karanta suna ba, kowane gida da alamarsa. Wani zare ja ake ɗaura wa kwalin, wani shuɗi, wani ɗigon lalle. Kuma ga abin da nake so ku riƙe, don a kansa labarin nan yake. Kaset tsada gare shi, ba wanda ke sayen sabo don kowane saƙo. In an gama jin na miji, a kan wannan kaset ɗin ake ɗaukar amsa, sabuwar murya ta hau kan tsohuwa ta shafe ta. Kaset ɗaya sai ya yi ta zuwa Badun yana dawowa har sautinsa ya koma kamar daga cikin rijiya. Ba wanda ke ganin asara a ciki. Mutum na da rai, gobe ma zai sake magana.

Abin da ya fi komai daɗi a sana'ar shi ne surutun mutane a kan kayan zamani. A bencin shagon Kawu kullum ana musu. Wani ya ce rediyon waje ya fi na gida gaskiya, wani ya ce duk maƙaryata ne, sai dai na waje sun fi iya ɗaura wa ƙarya rawani. Akwai wani dattijo mai sayar da buhuna da ba ya yarda da labari sai ya ji shi a tasha biyu, in ya ji a ta uku kuma sai ya ce an haɗa baki. Da aka kawo talabijin mai kala wani gida a Jega, wanda ya je ya gani ya dawo yana rantsuwa cewa har jan goron bakin mai karanta labarai ana gani. Aka ce masa to wannan ai tonon asiri ne, ba ci gaba ba. A cikin gidaje kuwa firji ake zance. Wata ta ce ita ba ta shan ruwan da aka kashe wa rai har ya zama dutse. Batun sabuwar jiha ma da aka tambayi wata gwaggo a Aliero, cewa ta yi, "Anka raba mu da Sakkwato, to albasa ta san da hakanga? In ta sani ta ƙara kuɗi mu gani."

Dokar Kawu guda ce, ya kuma maimaita mini ita har na gaji. "Ke kunne ce, ba baki ba. Abin da kika ji gidan wani, nan kika bar shi. Labarin da ba cikin kaset yake ba, ba naki ba ne ki kai."

A cikin duk waɗanda nake yi wa aiki ba wadda nake ɗokin zuwa wurinta kamar Inna Tumba ta Kashin Zama. Tsohuwa ce siririya, idonta ya yi rauni, sai ta kawo abu dab da hanci take gane launinsa, amma yatsunta sun fi idon wasu gani. Ɗanta na fari, Bello, shi ke riƙe da gidan, yana kai albasa Badun. Kun san al'ada, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kuma Inna Tumba ta riƙe wannan kunyar da hannu biyu. Ko a kaset ba ta ce masa komai sai "kai wanga" ko "mai albasa". Shi kuwa ya mayar da abin tsokana. Kowane saƙo sai ya rufe da cewa, "Inna, ki faɗi sunana ko sau guda mana. Cikin akwati ne, ba mai ji sai ni." Ita kuma in ta zo mayar da amsa sai ta ce, "Marar kunyar wofi. Akwatin ba shi da kunne? Ɗiyar mutane da ke riƙe da shi fa, kurma ce?"

Ita ba ta jin tsoron rakoda kamar sauran tsofaffi. Sai ta jawo ta ta shafa, ta tambayi aikin kowane maɓalli. Wata rana ta kawo mini wani kaset na wa'azi da aka ba ta, ta ce tunda ta haddace shi a ɗauki saƙo a kai. Na sa, jan maɓalli ya ƙi dannuwa. Ta ce me ya hana. Na kama yatsanta na ɗora a gefen kaset na sama, na ce ta ji waɗannan ramuka biyu. A kaset ɗin saƙo akwai 'yan ƙananan marafai a wurin, mu muna ce musu kunnuwa. In an karya su, rakoda ba ta yarda a ɗauki wata murya a kai. Masu wa'azi da masu waƙa karyewa suke yi don kada a shafe musu magana. Ta daɗe tana shafa ramukan. Ta ce, "Ikon Allah. Wato in ana tsoron murya ta ɓace, sai a toshe mata kunne." Na ce haka ne, Inna.

Sai ga muguwar shekara, wannan da muke ciki, da aka yi zaɓe aka soke. Kun ji abin da rediyo ke faɗi a kan Kurmi. Mai ya yi wuya, motoci suka daina sauka sai jefi-jefi, albasa na ruɓewa a rudu, wato rumfar karan da ake ajiye ta. Batir ya yi tsadar da Kawu ya koma haɗa rakodar shago da batirin mota. Sai in yi mako ban fita ba. Mata kuwa duk inda suka gan ni, ko biki ko suna, sai su tare ni da ido, kamar ni nake ɓoye mazansu a jaka.

Ranar da nake ba ku labari, da hantsi, motar Ɗan Ige ta shigo Jega bayan dogon shiru. Shi ne direban da ke ɗauko mana yawancin kaset ɗin Badun. Ya zo shago ya zube su a tebur, bai yi barkwancin da ya saba ba. Ya ja Kawu gefe, amma shagon ƙarami ne, na ji komai. Ya ce ya karɓi saƙonnin mutane tun da daɗewa, rashin mai ya tsare shi a tasha. Yana nan zaune ciwon ciki ya kama Bello, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Da hannunsa ya taya aka sa shi a ƙasa. Ga kaset ɗinsa nan mai jan zare, ya yi shi lafiyarsa lau.

Kun san rasuwa ba a aika ta bakin yaro, ba a kuma jefa wa uwa ita daga bakin ƙofa. Manya ke zuwa, su zauna, su fara da cewa jiki ya yi tsanani, su bi da ita a hankali har a iso. Ɗan Ige ya ce yanzu zai wuce Aliero ya ɗauki Baffa Garba, ƙanen mahaifin Bello, su je tare. Kawu ya lissafa ya ce kafin in gama gidajen Aliero in isa Kashin Zama da la'asar, sun daɗe da zuwa. Ya ce in tafi da mai jan zaren, in na tarar ana zaman makoki in damƙa wa Baffa Garba a hannu, in yi gaisuwa, in fito. Ba wanda ya san Baffa Garba ya tafi cin kasuwa Maiyama, sai an bi shi can.

Na isa Kashin Zama an ɗauke ruwa ke nan, ƙasa na ƙamshi. Na kasa kunne ta wajen gidan Inna Tumba, ban ji kuka ba, ban ga takalma a ƙofa ba. Sai sautin turmi. Na ce bari in shige gidan maƙwabciyarta Gwaggo Ai, wadda ita ma mijinta ya aiko, in ja lokaci a can. Na kunna mata nata, na mayar baya na sake kunnawa ba ta roƙa ba. Muna cikin haka sai ga sanda na ƙwanƙwasa ƙasa.

"Salamu alaikum. Anka ce mini ɗiyar rakoda ta shigo gari, ta wuce ƙofata kamar mai bin wani bashi."

Gwaggo Ai ta ce, "Shigo Tumba, ke da jin ƙamshin kaset kamar kyanwa da kifi."

Ta zauna dab da ni. Jakata a buɗe take a tabarma. Kafin in yi wani motsi ta zura hannu, ta ɗago kwalin, ta kai shi hanci, ta ga jan zare. Fuskarta ta washe. "Ga shi ko. Mai albasa ya tuna da mu. Sa muna, ɗiyata."

Me zan ce? In na ce ba nata ba ne, ga zarenta da ta ɗaura da hannunta. In na ce ba zan sa ba, sai ta ce don me. Na karɓa, na sa, na danna baƙi.

Nana, Hassi, na sha jin muryoyi a wannan akwatin, amma ban taɓa sanin abin da nake ɗauke da shi ba sai ranar. Mutumin da na san yana ƙarƙashin ƙasa a Badun ya yi gyaran murya a tsakar gidan Gwaggo Ai. Ya yi sallama, su biyun suka amsa masa. Ana jin hon ɗin motoci a bayansa, da wata Bayarabiya tana tallan abinci. Ya gaida kowa da suna. Ya ce kada a biye wa rediyo, gari da sauƙi, su dai suna lafiya. Ya ce a ƙara ciyawa a kan rudu kada ruwa ya shiga. Ya ce ya ga wani tabarau a kasuwa da aka ce tsoho na sa shi ya zura zare a allura, zai taho wa Inna da shi, ta daina ɗaukar akuya tana cewa tunkiya. Inna ta yi tsaki tana dariya. Sannan ya ce a kai kaset ɗin gidan su Kulu matarsa, wadda ke can wankan jego, a kara shi a kunnen jaririyar da bai gani ba tukuna. Ya yi mata 'yar waƙar wasa, ya ce, "Ki san muryata tun yanzu, kada in zo ki yi mini ƙiwa." Daga ƙarshe ya ce, "Inna, saura abu guda. Kin san shi. Ko sau guda." Ya yi dariya, sai ƙarar maɓalli.

Ni dai ina kallon zaren yana juyawa. Bello ba shi da hoto, ko ɗan ƙarami ban san ya bari ba. Duk abin da ya rage nasa a duniya mai motsi yana cikin wannan ɗan zaren.

Inna Tumba ta gyara zama, ta share maƙogwaro. "To mai da shi baya, ɗiyata. Danna jan. Yau sai na wanke wanga yaro tas, shi da tabaraunai."

Abin da ake yi kullum ke nan. Ni na koya mata. In na danna, kafin ta gama gaisuwa sallamarsa ta tafi, kafin ta gama faɗa waƙar jaririyar ta tafi. In na ƙi, dole in faɗi dalili, dalilin kuwa ba nawa ba ne in faɗa, ga Baffa Garba a hanya. Na ce, "Inna, ai ya ce a kai wa jaririya ta ji." Ta ce, "Jaririyar da ba ta san hannunta ba? In ya zo ya yi mata da bakinai. Ɗan Ige ba ya kwana biyu, in na tsaya kai kaset gidan surukai mota ta tafi ba amsa." Na ce batir ya yi sanyi. Gwaggo Ai ta ce, "Wane sanyi, yanzu munka ji shi garau. Ke Rabi yau lafiya kike?"

Na ce bari in naɗe da biro. Na ciro kaset ɗin, na juya musu baya kaɗan kamar ina neman haske. Na zare ɗan kunnena na hagu, na sa ƙugiyarsa a ƙarƙashin marfin farko. Garin sauri har sai da na soki yatsa. Ya karye, ƙas. Na yi tari don in rufe ƙarar. Na karya na biyu. Kawu bai taɓa ba ni izinin karya kunnen kaset ɗin mutane ba, don in ka karya ka kashe musu abin aike. Na mayar cikin rakoda, na danna ja. Ya ƙi.

Na ce, "Inna, kin gani, ya ƙi dannuwa."

Gwaggo Ai ta matso ta danna da babban yatsa har rakodar ta gusa. "Kayan Nasara ke nan. Ran da kake so, ran nan suke yin zuciya."

Inna Tumba ta miƙo tafin hannu. Ba ni da yadda zan yi, na ciro na ɗora mata. Ta juya shi, ta bi gefensa na sama da yatsa, yatsan ya faɗa ramin farko, ya tsaya. Ya wuce, ya faɗa na biyu. Ɗazu da ta ɗauko kwalin daga jaka ba ta buɗe ba, amma wannan kaset ya shekara yana zuwa hannunta, ta san shi da kunnuwansa. Ta ɗago fuska ta dube ni da idon nan nata da ba ya gani sosai. Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Ina jira ta tambaye ni, ban kuma san abin da zai fito daga bakina ba.

Ba ta tambaya ba. Ta ce, "Ɗan Ige ya iso tun da hantsi, ko?" Na ce e. Ta ce, "Bai biyo shan fura yadda ya saba ba." Gwaggo Ai na ta mita a kan rakoda, ba ta lura da komai ba. Inna ta kwance bakin zanenta, ta sa kaset ɗin, ta ƙulle tam. Sannan ta ce, "Kina da wani wanda ba kowa cikinai?"

Na ciro sabon nan na tsautsayi, na yage ledarsa da haƙori. Na sa, na danna ja da baƙi.

Ta yi sallama. Muryarta ba ta girgiza ba. Ta ce an ji saƙo, an gode. Ta ce za a ƙara ciyawa a rudu. Ta ce jaririya za ta ji waƙarta. Ta ce tabarau ya bar shi, abin da ta gani a duniya ya ishe ta. A nan Gwaggo Ai ta daina magana, ta dube ni, ta dubi Inna, ta sa gefen mayafi a baki. Inna ta ce, "Ban taɓa kwana da yunwa ba tun da ka yi wayo. Ban taɓa jin anka ce ka ci haƙƙin wani ba. Nonon da ka sha na yafe maka, duniya da lahira." Ta tsaya. Zare na ta juyawa, ana jin ɗigar ruwa daga indararo. Na kai hannu zan kashe, ta riƙe mini wuyan hannu.

Ta sunkuya dab da rakodar, kamar mai raɗa wa yaro a kunne, ta ce, "Bello." Ta sake cewa, "Bello, ɗana."

Ba ta saki hannuna ba sai da muka ji tsayuwar mota a waje, da sallamar maza a ƙofar gidanta. Ta ce, "Kashe abinki, ɗiyata, na yi baƙi." Ta dafa sanda ta miƙe. Gwaggo Ai ta kama ta, Inna ta ce a'a, ta san hanya. Ta fita ta je ta zauna, ta bar su suka fara tun daga cewa jiki ya yi tsanani, ba ta katse su ba.

Yadda na dawo Jega ban sani ba. Na ajiye wa Kawu rakoda, na gaya masa abin da na yi da ɗan kunne. Ya karɓi sabon kaset ɗin, bai kunna ba, ya ɗauki ɗan sukundireba ya karya masa kunnuwa shi ma, ya miƙo mini. Ya ce in huta kwana biyu. Ban huta ba, don akwai gidajen Dangamaji da ke jiran nasu, kuma su ba ruwansu da abin da ya same ni. Sai dai yanzu duk kaset ɗin da zan ɗauki amsa a kansa, sai na tsaya na saurari ƙarshen muryar mai shi kafin in danna, har mata sun fara cewa na zama mai nawa.

To kun ji sana'ar. In kuna so, ku zo Kawu ya ba ku tsumma da auduga ku fara.

Da na koma yi wa Inna Tumba gaisuwar bakwai, na kai mata kaset ɗin amsarta, na ce ban san inda zan aika shi ba. Ta kwance bakin zane ta ciro mai jan zaren, ta haɗa su biyu, ta shafa ramukan kowanne, ta ɗaure su da zare ɗaya, ta mayar mini.

Ta ce, "Ke za ki aje, ke kika san ciwonsu. In ɗiyar ta yi wayo ki zo da akwatinki ki kunna mata. Nashi za ki fara sawa, sannan nawa, don ta ji anka amsa mishi."